Amon da Fiyano Bai San Shi Ba

Wata rana da rani, bayan la'asar, na raka wani tsohon makaɗin kukuma zuwa wani ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a nan Potiskum. Ɗakin bai fi shagon mai cajin waya girma ba, an lilliƙa katifu a bango don kada ƙugin tirelolin da ke wucewa zuwa Damaturu ya shiga cikin aiki. Jikar tsohon za a yi wa aure, shi kuma yana so ya yi mata waƙa a sa a memori ta tafi da ita ɗakinta. Ya zauna a kan benci, ya shafa ƙaro a izga, ya ɗora ƙoƙon a cinya, ya ja. Saurayin da ke gaban fiyano ya karkata kunne yana bin sa da yatsa. An tafi lafiya har aka zo wata gaɓa da tsohon yake sauke murya. Yaron ya danna farin maɓalli, amon ya yi ƙasa. Ya danna baƙin da ke maƙwabtaka da shi, ya zarce sama. Ya sake, ya sake, sannan ya ce cikin ladabi, "Baba, ina jin kukumar nan ba ta saitu ba." Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, tun ba a haifi ubanka ba nan nake sa yatsana." A ƙarshe kwamfuta ce ta raba gardama, ta ja muryar da kukumar ta kai su inda fiyano yake so. Aiki ya fito sumul. Da aka kunna masa, tsohon ya saurara har ƙarshe, ya miƙe yana naɗe izgarsa ya ce, "Ta yi daɗi, amma wannan ba hannuna ba ne."

Wannan amo da ya faɗa tsakanin maɓalli biyu yana da tarihin da ya haura shekara dubu. An rubuta littattafai a kansa a Bagadaza, an hana shi fita a rediyo a Turkiyya, kuma a zamaninmu wasu samari a Ostireliya sun sa an sake fafe wuyan jitarsu don su same shi.

Sai mu fara daga tushe. Idan magidanci da ƙaramin ɗansa suka rera waƙa ɗaya, muryar uban tana ƙasa, ta yaron tana sama, amma kunne yana jin abu ɗaya suke faɗa. Tazarar da ke tsakanin muryoyin nan biyu bari mu kira ta zango. Ko wace tsirkiya ka danne a tsakiyarta daidai, ka ci zango guda. To, sau nawa matafiyi zai yada sanda kafin ya kai ƙarshen zangon, kuma a ina? Nan al'ummai suka rabu. Turawa sun ƙare a kan matakai 12, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Wani yariman ƙasar Sin mai suna Zhu Zaiyu ya fitar da lissafin a 1584, wani masanin lissafi da ya zauna a Holan, Simon Stevin, shi ma ya kai ga haka a kusan lokaci guda, amma sai da aka daɗe kafin tsarin ya mamaye Turai. Ƙananan ƙarafunan nan da aka gitta a wuyan jita su ne matakan. Kowane ɗaya yana cin kusan kashi ɗaya cikin 18 na tsirkiyar da ta rage, na 12 kuma yana zaune a tsakiyarta. Tsarin yana da amfaninsa, ba za a musa ba: makaɗa ɗari za su iya haɗuwa su tashi tare, su ɗaga waƙa sama ko su sauke ta ƙasa ba tare da kowa ya sake saiti ba. Kuɗin da aka biya shi ne, duk amon da bai faɗa kan ɗaya daga cikin matakan nan ba sai aka fara kiransa kuskure.

A Gabas ba haka aka ɗauke shi ba. A Bagadaza, zamanin Halifa Haruna Rashid, an yi wani gwanin kaɗa udu mai suna Mansur Zalzal, wanda ya rasu a 791. Ya samo wa yatsansa na tsakiya wani wuri a wuyan udu, tsakanin wurare biyu da magabatansa suka sani, har wurin ya ci sunansa, ana ce masa wusɗa ta Zalzal. Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, ya auna wannan wuri ya rubuta shi a babban littafinsa na ilmin kiɗa, Kitabul Musiƙal Kabir. Bayansa da shekara ɗari uku Safiyyuddin al-Urmawi, mutumin da ya ga faɗuwar Bagadaza a hannun Mongol a 1258, ya raba zango gida 17 waɗanda ba su daidaita da juna ba. Daga wannan jijiya aka samu hanyoyin rerawa da Larabawa ke kira maƙamat, irin su rast da bayati da saba. Kunnen mutumin Potiskum ba baƙonsu ba ne. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ya fi ƙarfin a kira shi haka, amma duk wanda ya tashi da kaset ɗin Abdulbasit Abdussamad ko Minshawi a gidansu ya san irin saukar muryar nan mai sa tsigar jiki ta tashi, kuma da zai neme ta a kan fiyano da ba zai same ta ba.

Turkawa sun gaji wannan ilmi ta ƙofa biyu. Akwai kiɗan fada da na zawiyoyin Sufaye a Santambul, mai ƙa'idoji da lissafi, inda daga baya malamansu suka raba tazarar da Bature ya raba biyu zuwa gida tara. Akwai kuma kiɗan ƙauye na Anadolu, wanda abin kaɗawarsa shi ne baglama, wasu su ce saz. Ƙoƙonsa na itace ne, galibi icen tut, mai siffar rabin duma, wuyansa dogo siriri, tsirkiya bakwai a jere uku. Sunan ya fito ne daga kalmarsu ta ɗauri, kuma nan sirrin yake. Matakan baglama ba ƙarfe ba ne da aka kafe da guduma. Zare ne ake naɗawa a wuya a ƙulle, da can na hanjin dabba, yanzu irin na fatsa. Makaɗi yana iya sa farce ya ture ɗauri ɗaya sama ko ƙasa kaɗan, ya bi yadda ake rerawa a garinsu. Kowane yanki da inda yake ajiye nasa ɗaurin. Masu yawo da shi gari-gari ana kiransu ashik, suna waƙar bege da mutuwa da zaluncin masu mulki, suna ambaton sunansu a baitin ƙarshe kamar yadda marubuta waƙoƙinmu ke yi.

Da Mustafa Kemal Ataturk ya kafa jamhuriya a 1923, ya ɗaura aniyar juya fuskar ƙasar zuwa Turai, kiɗa ma bai tsira ba. A 1925 aka rufe zawiyoyi, waɗanda su ne makarantun da ake koyon kiɗan Sufaye baki da baki. A 1926 aka soke koyar da kiɗan Turkawa a babbar makarantar kiɗa ta Santambul. A watan Nuwamba na 1934 kuma aka cire kiɗan gargajiya daga rediyo, hanin da ya kai har 1936. Mutane ba su yi zanga-zanga ba, murɗa akwatin rediyonsu kawai suka yi zuwa Alƙahira, inda amon da kunnensu ya saba yake fitowa. A can Alƙahiran ma, a 1932, Sarki Fu'ad ya tara masana daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Turai, aka yi ta ja-in-ja kan ko a yanka zango gida 24 daidai wa daida, kuma da yawa daga cikin makaɗan da suka san abin a hannu ba su yarda ba, domin sun san amon tsakanin ba ya zama a tsakiya cif.

Kiɗan ƙauye ya samu sassauci, domin masu ra'ayin sabuwar ƙasa, bisa koyarwar masani Ziya Gokalp, sun ɗauke shi a matsayin muryar Baturke ta asali, da niyyar a tattara shi a yi masa sutura irin ta Turai. Masanin kiɗa Bela Bartok na Hangare ya zo a 1936 ya shiga ƙauyukan yankin Adana yana ɗaukar waƙoƙi. Muzaffer Sarisozen da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna zagaya ƙasar, suka tattara waƙoƙi kusan dubu goma, aka riƙa watsa su daga rediyon Ankara. Ko me aka nufa da wannan aiki, amfaninsa ya tabbata: muryoyin tsofaffin sun shiga ma'ajiya kafin su shiga kabari. Cikin waɗanda ƙasar ta sani a wannan zamani babu kamar Ashik Veysel, ɗan ƙauyen Sivrialan a lardin Sivas. An haife shi a 1894, agana ta makantar da shi yana ɗan shekara bakwai, mahaifinsa ya miƙa masa saz don ya ɗebe masa kewa. Ya rayu yana noma da waƙa har ya rasu a 1973. Mu da muka san darajar Aliyu Namangi na Zariya ba sai an yi mana dogon bayani kan yadda makaho ke zama idon al'umma ba.

Sai ga jitar lantarki ta iso. Samarin Santambul na shekarun 1960 sun tashi da Elvis da Beatles a kunne, suna kwaikwayonsu da Turancin da ba su iya sosai ba. A 1965 jaridar Hurriyet ta buɗe wata gasa mai suna Altin Mikrofon, wato makirfon zinariya, da sharaɗin a zo da waƙar Turkawa a kaɗa ta da kayan kiɗan Turai. Gasar ta yi shekara huɗu kacal, amma ita ta tura 'yan birni komawa ga waƙoƙin kakanninsu. Cem Karaca ya zo na biyu a 1967. Ƙungiyar Mogollar, wadda aka kafa a wannan shekarar, ita ta raɗa wa salon suna da sunan Anadolu, har faifanta ya ci babbar kyautar Charles Cros a Faransa a 1971. Baris Manco ya shiga kowane gida da dogon gashinsa da zobbansa.

Dukkansu sun ci karo da abin da yaron ɗakin waƙar nan ya ci karo da shi. Waƙar ƙauye tana neman amon da babu shi a wuyan jita. Wasu suka riƙa tura tsirkiya gefe da yatsa har amon ya ɗan ɗaga ya faɗa inda ake so. Wasu suka ajiye baglama kusa da jita, kowa ya yi abin da ya iya. Erkin Koray, wanda aka haifa a 1941 ya rasu a Toronto a 2023, yana cikin waɗanda suka fara jona wa baglama lantarki, ya sa shi kuka ta cikin lasifika kamar jita. Faifansa na 1974, Elektronik Turkuler, ma'anarsa waƙoƙin ƙauye na lantarki, har yau shi ake fara miƙa wa mai son sanin salon. Selda Bagcan kuwa, wadda ta karanta kimiyya a jami'ar Ankara, ta ɗauki jita ta rera kukan talaka da muryar da ke tsaga zuciya. Juyin mulkin soja na 12 ga Satumba 1980 ya murƙushe wannan tafiya. An ɗaure Selda sau uku, aka riƙe mata fasfo har 1987. Cem Karaca yana Jamus aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa a 1983, bai koma gida ba sai 1987.

Mutum biyu ne suka fuskanci jitar kanta maimakon su lallaɓa ta. Erkan Ogur, wanda ya girma a Elazig yana jin tsofaffin makaɗa, ya je Jamus karatu, a 1976 ya tsige ƙarafunan jitarsa gaba ɗaya ya bar wuyan fayau. Duk ɗan Arewa da ya ga wannan jita zai gane ta nan take, domin wuyan gurmi ke nan, wuyan garaya ke nan, yatsa ya sauka inda kunne ya aike shi. Tolgahan Cogulu na Jami'ar Fasaha ta Santambul ya bi wata hanyar. A 2008 ya zana jita mai ɗan kwari a ƙarƙashin kowace tsirkiya, inda ƙananan ƙarafuna ke zamewa sama da ƙasa, a cire wannan, a ƙara wancan. Wato ya mayar wa jita 'yancin da ɗaurin baglama yake da shi. Wannan ƙira ta zo ta ɗaya a gasar sababbin kayan kiɗa ta Guthman a Amurka a 2014.

Kafin nan tsofaffin faya-fayan shekarun 1970 sun fara farfaɗowa a waje. Wani kamfani a Ingila ya sake buga faifan Selda a 2006, mawaƙan Amurka irin su Mos Def da Dr. Dre suka gutsuri kiɗanta suka gina nasu a kai. A Amsterdam aka kafa Altin Gun a 2016, Turkawa da 'yan Holan a haɗe, faifansu Gece na 2019 har ya shiga takarar Grammy. Amma waɗanda suka kai maganar ga matasan da ba su taɓa jin sunan Sivas ba su ne King Gizzard and the Lizard Wizard, 'yan rok daga Melbourne. Jagoransu Stu Mackenzie ya je Turkiyya ya dawo da baglama, ya fara tsara waƙoƙi a kansa. Da ya ga zai yi wuya ya ja ƙungiya mai ganguna da jitoci da shi, sai wani abokinsa maƙerin jita, Zac Eccles, ya ƙera masa wata rawaya mai ƙarin ƙarafuna a tsakanin na asali. Aka ba kowane ɗan ƙungiyar dala 200 ya je ya gyara nasa abin kiɗan. A ranar 24 ga Fabrairu 2017 suka fitar da Flying Microtonal Banana, sunan jitar ke nan, na farko cikin faya-faye biyar da suka saki a wannan shekara. Suka bi shi da K.G. a 2020 da L.W. a 2021. Masu saurare a Turkiyya da suka ji waƙarsu Sleep Drifter nan da nan suka tuna da Kara Toprak ta Ashik Veysel.

A ganina akwai abin yabo da abin gyara a aikinsu. Sun raba kowane mataki biyu daidai, zango ya zama gida 24, alhali makaɗin Anadolu ba ya ajiye ɗaurinsa a tsakiya cif, kuma inda na Sivas ya ajiye ba lalle nan na Urfa ya ajiye ba. Saboda haka abin da suka samu kusa ne da amon, ba shi kansa ba. Amma ba su ɓoye inda suka ɗebo ruwa ba, sun faɗi sunan Turkiyya da bakinsu, kuma albarkacinsu yara da yawa a Turai da Amurka sun je sun nemi Erkin Koray da Selda.

Ranar da na fara jin faifan nan a waya, abin da ya tsayar da ni ba jitar ba ce. Wani abin busa ne ya keto ta tsakiyar kiɗan da kaifin murya, na ce a raina wannan ai algaita ce. Turkawa suna kiranta zurna. Gida ɗaya suka fito da tamu: ɗan haki a baki, faifan da leɓe ke jingina da shi, jiki mai huda, baki mai faɗi, mabushi ya cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci ba tare da amon ya yanke ba, kamar dai yadda muke gani ranar hawan salla. Sunan tamu daga gaita ta Larabawan Magrib ya fito, ta ratso Sahara ta zauna a fadojin Borno da ƙasar Hausa. Hanyar nan ta hamada kuwa mu 'yan Yobe muna da gado a cikinta. Birnin Ngazargamu, wanda kufansa yake nan cikin jiharmu wajen Geidam, shi ne fadar Mai Idris Alauma. Turkawa sun kama Tarabulus a 1551, suka zama maƙwabtan Borno ta fuskar Fezzan. Mai Idris ya aika manzanni Santambul, Sarkin Musulmin Turkawa Murad na Uku ya amsa masa da wasiƙa wajajen 1577, kuma Imam Ahmad ibn Fartuwa, limamin da ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa, ya ambaci Turkawa 'yan bindiga cikin rundunarsa. Fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce ke nan ƙasar nan ta san Santambul, Santambul ta san ta.

Kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. Kiɗanmu ba maƙamat ba ne. Yawancin waƙoƙin Hausa, da na Bolewa da Ngizim da Karekare da muke zaune tare, a kan amo biyar suke tafiya cikin zango. Inda muka yi tarayya da Baturke shi ne, babu wanda ya kafe mana wuraren nan da guduma. Goge da kukuma ba su da mataki ko ɗaya, izga ce a kan ƙwarya da fatar guza, yatsa yana zamewa daga amo zuwa amo yana bin lanƙwasar magana. Dole ma ya bi, tunda harshenmu da hawa da sauka yake rarrabe ma'ana. Je ka wajen mahauta a kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ka ji mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata yana sassautawa, yana kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Babu maɓallin da zai yi wannan. Ɗan Maraya Jos, da gwangwani da tsirkiya ɗaya tal, ya zaga duniya da kuntiginsa har ya rasu a 2015. Haruna Uji ya yi haka da gurmi, Garba Supa da Ahmadu Doka da kukuma.

Da jita ta shigo yankin Sahel, kowa da yadda ya karɓe ta. Ali Farka Toure na Niafunke a Mali ya fara ne da gurkel mai tsirkiya ɗaya da ƙaramin gogensu, sai a 1956 ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, ya ɗauke ta ya zuba mata hannun da ya koya a gida. Turawa suka ji suka ce ga tushen kiɗan bulus. Mutanen Muritaniya su ne suka yi irin abin da Turkawa suka yi ba tare da sun jira kowa ba: makaɗan bikinsu suna cire ƙarafunan jita su sake dasa su, su ƙara wasu, don ta faɗi abin da tidinit, wato molonsu, yake faɗa. Wanda duniya ta fi sani a cikinsu shi ne Jeiche Ould Chighaly, mijin mawaƙiya Noura Mint Seymali. A Nijar, Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram na Buduma, ya zauna ya koya, ya fitar da shi duniya kafin ya rasu a 2018. A wajenmu kuwa, Bala Miller ya daɗe yana rera Hausa a kan jita da ƙahonni a Kaduna, amma salonsa na hailaif ne, jitar ba ta taɓa zama gurmin zamani a hannun Bahaushen Najeriya ba.

Abin da ya ci kasuwa a nan fiyano ne. Bayan fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo a Kano a 1990, ɗakunan waƙa suka cika da Yamaha, kuma daga nasarar fim ɗin Sangaya a ƙarshen shekarun nan sai ya zama kowane fim da waƙoƙinsa. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya ya maye gurbin makaɗa goma. Sannan manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda aka ƙirƙira a 1997, ta zo ta ƙarasa aikin, domin sana'arta ke nan, ta kama murya ta kai ta mataki mafi kusa. Ƙarfin wannan salo ya kai har wani matashin Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya zo Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da irin wannan muryar ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a hamada, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji ya neme shi. Yau Mdou yana yawon wasa a Amurka da Turai.

Ba na cikin masu zagin kiɗan fiyano. Ya ciyar da dubban matasa, ya kai harshenmu inda ba mu zata ba, ni ma akwai waƙoƙinsa da nake so. Kuma ba fiyano kaɗai ya kori goge ba. Tun da can ana danganta shi da bori da dandali, malamai da yawa suna da fatawa mai tsauri kan kayan kiɗa masu tsirkiya, ga raina maroƙi da al'ada ta ɗora mana. A nan Potiskum an ƙara da shekarun tashin hankali, lokacin da dokar hana fita ta kashe kiɗan dare, biki ya koma na rana a gaggauce, mai lasifika da memori ya fi sauƙin kira. Ɗan makaɗi ya ga babu ci a sana'ar ubansa ya koma tuƙin mota. Abin da ke damuna shi ne kunne. Yaron da ya tashi bai taɓa jin komai ba sai matakai 12 zai ji kakansa yana kaɗawa ya ɗauka kuskure yake yi, kuma da zuciya ɗaya zai faɗa, kamar yadda saurayin nan ya faɗa. Turkawa gwamnati ce ta cire musu nasu daga rediyo da doka, shi ya sa suka san an taɓa su, suka yi ta neman hanyar dawo da shi. Namu yana zamewa ne ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Kamfanonin da ke ƙera fiyanon nan, Yamaha da Korg, suna yin wani nau'i don kasuwar Larabawa da Turkawa, mai ƙarin maɓallai da ke sauke kowane amo ko su ɗaga shi kaɗan, saboda makaɗan can sun ƙi yarda a canza musu kunne. Manhajojin da ke cikin kwamfutocin ɗakunanmu ma yawancinsu suna ba da damar sake saiti. Muna da kafintoci da maƙera, muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a cikin garin nan inda ake koyar da aikin katako da ƙarfe. Cire ƙarfe daga wuyan jita a sake dasa shi inda mai gurmi ya nuna aikin yini ɗaya ne.

Roƙona ga gidajen rediyon jiharmu shi ne su fita ƙauyukan Fika da Nangere da Fune da na'urar ɗauka, yanzu da sauran tsofaffin nan suke da rai. Ku kuma 'yan'uwana masu ɗakunan waƙa, duk ranar da mai kukuma ko mai algaita ya shigo muku, ku kashe gyaran murya, ku fara ɗaukar sa shi kaɗai yadda ya zo, sannan ku saita fiyanon ya bi hannunsa.